Takardar buga hoton baƙi da fari: auduga ko barayita?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bala da Hajiya Hadiza, kuma tebur ɗinmu cike yake da takardu. Hoto ɗaya ne aka buga a kan kowacce: dattijo sanye da farar babbar riga mai aiki, da rawanin ɗan Kura mai sheƙi. Malam, fayil ɗaya, firinta ɗaya, tawada ɗaya, amma kamar ba mutum ɗaya aka ɗauka ba.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ai abin da ya kawo mu ke nan, Nura. Firinta ba ta da farar tawada. Duk inda ka ga fari a hoton nan, takardar ce kake kallo tsirara. Baƙin kuma iyakarsa inda takardar ta yarda ya kai. To hoton da ba shi da launin da zai ɗauke maka ido, fari da baƙi ne duk jarinsa, kuma dukkansu a hannun takarda suke.

Hajiya Hadiza: Ɗauki waɗannan biyun ka riƙe su kusa da juna. Ta hagu Photo Rag ce ta kamfanin Hahnemühle na Jamus, nauyinta giram 308 a kowane murabba'in mita, auduga zalla, ba ta da sheƙi ko kaɗan. Ta dama Baryta Photographique ce ta Canson na Faransa, giram 310. Dubi rawanin.

Nura: A ta dama ina ganin kowane ninki, har inda bugun shuni ya bar ƙyalli. A ta hagu ninkin yana nan, amma ya yi laushi, kamar an lulluɓe shi da siririn hazo.

Hajiya Hadiza: Yauwa. Wannan ana auna shi. Akwai ma'aunin zurfin baƙi da masu sana'ar ke kira dimas. Takardar auduga marar sheƙi takan tsaya wajen 1.6 zuwa 1.7, barayita kuwa takan kai 2.2 ko ta wuce. Lambobin kamar suna kusa, amma ba haka lissafin yake ba. Baƙin da ke 1.6 yana mayar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, wanda ke 2.3 kuwa rabin kashi ɗaya kawai yake mayarwa. Ninki biyar ke nan. Dalili shi ne fuskar auduga tana watsa haske ta ko'ina, wani ya faɗo idonka ta kowace kusurwa ka tsaya. Fuska mai santsi kuwa gefe guda take jefa shi.

Nura: Mece ce ita barayitar?

Malam Bala: Wani farin ma'adini ne, bariyom salfet. Tun zamanin wankin hoto a ɗakin duhu ake shafa shi a kan takarda kafin a ɗora sinadarin azurfa, don ya ba ta fari da santsi. Masu yin takardar firinta suka ɗauko dabarar, saboda masu hoto suna son irin wancan kamannin. Sheƙinta ba irin na takardar leda ta situdiyo ba ne, wadda ake buga hoton biki da fasfo. Ya fi kama da na fatar da aka goge. Kamfanin Ilford ya yi Gold Fibre Silk, Hahnemühle tana da FineArt Baryta mai giram 325 da Photo Rag Baryta mai 315. Akwai kuma 'yar'uwarsu Platine Fibre Rag ta Canson, auduga ce mai ɗan sheƙi, kuma baƙinta yana da zurfi sosai.

Nura: To in haka ne, ai magana ta ƙare. Kowa ya sayi barayita.

Malam Bala: A'a, dakata. Koma kan rigar. Dubi aikin wuya a kan audugar, farin zare a kan farin yadi. Ka ga yadda ya zauna, babu ƙyallin da ke katse maka kallo? Juya ta yadda kake so, haka take. Yanzu karkata barayitar zuwa taga.

Nura: Hasken taga ya kwanta a kan fuskar dattijon, sai na matsa gefe.

Malam Bala: To ka gani. Hoton da ƙarfinsa ke cikin toka-toka mai haske, misali garke cikin hazon hunturu, ko bangon laka da hantsi, ko fuskar jariri, ba ya bukatar baƙi mai zurfi. Auduga ce gidansa. Hoton dare, ko baƙin doki da kayan hawa, ko fuska a cikin zaure da haske ta gefe ɗaya, nan barayita take nuna kanta.

Hajiya Hadiza: Maganar fuska ina so a tsaya a kanta, don ta shafe mu. Baƙar fata a hoton baƙi da fari tana zaune ne a ɓangaren duhu na matakan toka. Kumatu, gefen hanci, ƙarƙashin haɓa, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, kuma daidai nan ne takardar auduga take matse matakai. In ka buga yadda ka gani a kwamfuta, sai fuskar ta cushe ta zama dunƙule ɗaya. Ba wai auduga ba ta iya baƙar fata ba ce, tana iyawa, kuma tana ba ta laushi mai kyau. Sai dai dole ka yi mata fayil nata daban: ka buɗe inuwa kaɗan, ka ƙara bambanci a tsakiyar matakan. Fayil ɗaya ba ya yi wa takarda biyu.

Nura: Yaya mutum zai san inda takardarsa take cushewa?

Hajiya Hadiza: Da takarda ɗaya ta A4. Ka zana ƙananan murabba'ai a kan baƙin fili, darajarsu daga 0 zuwa 30, kana tsallake biyu-biyu, a ma'aunin kwamfuta da 0 yake baƙi ƙirin, 255 kuma fari tas. Sai wasu a kan farin fili, daga 240 zuwa 255. A ƙasa ka sa tsanin toka mai matakai 21, kowane mataki kashi 5 cikin ɗari. Ka buga, ka bar ta ta kwana, don tawadar tana sauya kama kafin ta bushe sarai. Washegari ka duba murabba'in farko da ya rabu da baƙin fili. In 14 ne, to duk abin da ke ƙasa da 14 a hotonka zai ɓace a wannan takardar. Ka rubuta lambar a bayanta da fensir.

Malam Bala: Kuma a duba a hasken da hoton zai zauna. Ma'aunin masu ɗab'i hasken kelbin 5000 ne, wato mai kama da hasken rana, amma falon mutane ba haka yake ba. Sannan a rage hasken allon kwamfuta zuwa tsakanin kandela 80 da 120. Yawancin kukan "hotona ya fito da duhu" daga allo yake, takarda ba ta da laifi.

Nura: Hajiya, waɗannan biyun duka auduga ne, amma ɗaya fara tas, ɗaya kamar madara.

Hajiya Hadiza: Mai farin tas an sa mata sinadarin ƙara haske, irin wanda ake sa wa garin wanki. Yana shan hasken da ido ba ya gani, wato ultrabayolet, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai idonka ya ce fari ne. Epson ta ma raba su da suna: Hot Press Bright tana da shi, Hot Press Natural ba ta da shi. Gane shi ba wuya. Ɗauki tocilar duba jabun kuɗi ka haska a ɗaki mai duhu, mai sinadarin za ta yi walƙiyar shuɗi, ɗayar ta yi shiru.

Nura: Illarsa fa?

Hajiya Hadiza: Biyu. Yana mutuwa da shekaru, takardar ta koma kalarta ta asali, kuma ba lallai ta koma daidai ko'ina ba. Na biyu, farinsa ya dogara da irin hasken ɗaki. A rana ya yi fari, ƙarƙashin ƙwan da ba ya fitar da ultrabayolet ya dushe. In ka sa gilashin firem mai tare wannan hasken, ka kashe sinadarin da hannunka. Hoton da za a sayar wa mai tara hotuna ko a ajiye wa jikoki, ni marar sinadari nake zaɓa.

Malam Bala: Ni ban kai Hajiya tsanani ba a nan. Akwai hoton da sanyin fari yake so, kamar ƙarfe, gini na zamani, ruwa. Takarda mai ɗan sinadari kaɗan tana yi masa kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya saya bai sani ba. Kuma a lura da allon da ake zagaye hoton da shi a firem: farin allo tas kusa da takarda mai kalar madara yana sa ta yi kamar ta tsufa.

Nura: Akwai masu gurji-gurji kuma, kamar wannan German Etching.

Malam Bala: Giram 310, daga ɓawon itace da aka tace. Tana kyau a babban hoto mai dutse ko itace. A ƙaramar fuska kuwa gurjin yana shiga fata kamar ƙuraje, a bar ta.

Nura: To mu zo kan firinta. Ina mutane suka fi yin ɓarna?

Malam Bala: Baƙar tawada. Firintocin wannan aiki suna da baƙi iri biyu, na takarda mai sheƙi da na marar sheƙi. In ka sa na mai sheƙi a kan auduga, ya nutse, baƙin ya fito kamar gawayin da aka jiƙa ya bushe. In ka sa na marar sheƙi a kan barayita, ba ya kamawa, yatsa ma yana goge shi. Firinta ba ta ganin takarda. Nau'in da ka zaɓa a manhaja shi ke gaya mata baƙin da za ta ɗauka da yawan tawadar da za ta zuba, kuma kowane kamfanin takarda yana faɗin nau'in da za a zaɓa tare da furofayil ɗinsa, wato ƙaramin fayil da ke daidaita launi da wannan takardar. Tsohuwar Epson P800 sai ta wanke layi in za ta sauya baƙi, tawada ta tafi a banza. P700 da P900 da Canon PRO-1000 kowane baƙi da layinsa.

Hajiya Hadiza: Kuma a tabbata tawadar garin launi ce, wato figiment, mai toka biyu ko fiye. Ƙananan firintocin tanki na shagunan kwafi yawanci rini suke amfani da shi, kuma suna haɗa toka ne daga shuɗi da ja da rawaya. Shi ya sa hoton yakan yi kore da rana, ya yi ja-ja da dare. Takarda mai tsada ba ta gyara wannan. Sai kuskure na gaba: Epson tana da tsari na musamman na buga baƙi da fari, Advanced Black and White. In ka kunna shi, ka bar firinta ta kula da launi, kada manhajojin gyaran hoto, Photoshop ko Lightroom, su ɗora furofayil a kai. In za ka bi ta furofayil kuwa, ka kashe gyaran launi a firinta. Duka biyun a lokaci ɗaya su ne ke kawo hoton da ya rine.

Nura: Wannan kuma akwai ɗige-ɗigen fari a cikin rawanin.

Hajiya Hadiza: Ɓurɓushin auduga ne. Yana kwance a kan takarda, tawada ta sauka a kansa, daga baya ya faɗi ya bar rami fari. Kafin ka sa kowace takardar auduga, ka share fuskarta da buroshi mai laushi wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba. A hunturu a Kano ko Zinder abin ya ninka, ga ƙura, ga bushewar iska da ke sa takarda ta riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu. Hahnemühle tana ba da shawarar laimar iska tsakanin kashi 35 da 65 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan sauko ƙasa da 20. A rufe firinta da yadi, a buga gwajin ƙofofin feshi kafin a sa takarda mai tsada, kuma kada a bar ta mako biyu ba ta yi aiki ba.

Malam Bala: Barayita kuma nata ciwon lanƙwasa ne. Gefenta ya ɗaga, kan firinta ya goge shi, ka ga baƙin zane a kusurwa. Photo Rag 308 kaurinta ya kusa rabin milimita, takardar ofis kuwa giram 80 ce kawai, don haka a faɗaɗa tazarar kan firinta a saiti, a sa takarda ɗaya-ɗaya ta ƙofar takarda mai kauri, a lanƙwasa kusurwoyin zuwa baya kaɗan da hannu kafin a tura. Fuskarta kuma ba ta son farce, a riƙe ta ta gefe ko da safar hannu ta auduga.

Nura: In mutum ya rasa wace fuska ce ta bugawa?

Malam Bala: Ya ɗan jiƙa yatsa ya taɓa can ƙarshen kusurwa. Fuskar da ta ɗan kama yatsa ita ce mai shafin da ke karɓar tawada, ita ake bugawa.

Hajiya Hadiza: Bayan bugawa, awa 24 a shimfiɗe kafin firem ko leda. Kada a ajiye ta a kwalin kanti ko a manna mata salatif na yau da kullum, shafin yana shan tururin gam da na kwali, gefen ya yi rawaya. Damina kuma a mayar da ragowar cikin ledarta ta asali a rufe.

Nura: Wanda zai fara saye, ya ɗauko kwalin A3 na guda 25?

Malam Bala: Kada ya fara. Hahnemühle da Canson da Ilford duk suna sayar da fakitin gwaji na A4, nau'i-nau'i a ciki. Ya zaɓi hotunansa biyu, ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske, ya haɗa su a shafi ɗaya da tsanin tokan da Hajiya ta faɗa, ya buga a kan kowacce. Sai ya ɗora gilashi a kan rabin kowane hoto, domin a bayan gilashi tazarar auduga da barayita tana raguwa sosai, wani lokaci har ka kasa rabe su daga taku uku.

Nura: Hajiya, miƙo min gilashin can mu ɗora wa dattijon nan mu gani.