Takobin Baba, Kundin Kaka: Gadon da Ba Ya Rabuwa

(Lacca ce da aka gabatar a Birni, cikin garin Damagaram, aka rubuto daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, Allah ya saka da zuwa.

Rabon kuɗi ba shi da wuya. Allah da kansa ya yanka wa kowa kasonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Mata tana da ɗaya bisa takwas in mamaci ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in bai bari ba, namiji kuma yana da rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya. Kafin a taɓa komai a fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san wannan. Abin da ke raba zumunta a garin nan shi ne kayan da wuƙa ba ta shiga.

Damagaram tsohon gari ne. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, kuma tun zamanin Sarki Tanimun gidajenmu ke tara kaya. Ku shiga ɗakin tsoho a Birni ko Zango, ku buɗe adaka. Za ku ga takobi, alkyabba, sirdin doki da likkafarsa, Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da kundin da kaka ya rubuta da tawadar zuge, gefen takardun duk ya cinye. A gidan maƙera akwai uwar maƙera, ɗaya tal. Wani ya bar raƙuma a hannun makiyayi can daji, ba wanda ya san adadinsu sai shi da makiyayin. To, yaya za a fitar wa mace tumuninta, wato ɗaya bisa takwas ɗin nan, a cikin takobi?

Abin da aka saba, babban wa ya sa hannu ya ɗauka, ya ce ai kayan gida ne, mata su yi shiru don kunya. Jama'a, wannan zalunci ne ko da an yi shi da murmushi. Duk abin da ke da ƙima gado ne. A kira masana su yi masa kuɗi, mai so ya ɗauka ya biya sauran, ko a cire daga kasonsa. In akwai maraya ƙarami, ba mai ikon yafe haƙƙinsa a madadinsa. Ku karanta aya ta 10 ta wannan sura ku ji abin da aka ce da masu cin dukiyar marayu.

Ga inda nake so ku saurara da kyau. Tsoho yakan ce wa ɗansa, "Kundin nan naka ne," amma kundin yana nan ƙarƙashin matashinsa har ya cika. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai an karɓe ta tun mai bayarwa yana da lafiya. In ba a karɓa ba, ta koma gado. In kuma ka ce wasiyya ce, babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, kuma ga wanda ba magaji ba ma ba ta wuce sulusi, wato ɗaya bisa uku na dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Don haka, Baba, in kana son almajirinka ya riƙe littattafanka, miƙa masa yau a gaban shaidu, ko ka mai da su waƙafi, kowa ya karanta, ba mai sayarwa.

Na zamani ma suna nan: kuɗin da ke cikin waya da lambar sirrinsu, zubin adashi, takardar fili da aka ba wani jingina.

Wata baiwar Allah ta tambaya, ta yaya za a tayar wa maigida da wannan magana bai ce ana yi masa fatan mutuwa ba? Hajiya, yanka kaza. Kazar gida guda, a wanke da lemun tsami, a sa a tukunya da albasa, tafarnuwa, citta da gishiri, ruwa kaɗan, wuta a hankali har ta yi laushi. A soya jajjagen tattasai da tumatir da man gyaɗa, a juye kazar da romonta, a bar ta ta ɗan tsotse. Shinkafa fara ta wadatar. Ki tara 'ya'ya, maza da mata, har na ɗakin abokiyar zamanki. Ƙundu ɗaya ne a kaza, amma ba a faɗa a kansa, don kowa ya san na wane ne tun ba a sauke tukunya ba. Haka ake so takobi da kundi su zama.

In an wanke hannu, a kawo takarda. Hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. A rubuta abin da ya mallaka, wanda yake bi da wanda ke binsa, da kayan mutane da ke ajiye a wurinsa. A ware kayan ɗakin mata, don nasu ne, ba sa shiga gadon miji. Shaidu biyu adilai su sa hannu, a kai kwafi ɗaya wurin limamin unguwa.

An kusa kiran Magariba. Sauran tambayoyi sai bayan salla.