Peter Brook, Baturen da ya shimfiɗa darduma a Agadas

A ƙarshen shekarar 1972, wani Bature ɗan Ingila ya naɗe darduma, ya ɗora a mota, ya ratsa Sahara da ita daga Aljeriya zuwa Agadas, ya gangaro har Kano. Duk inda ya tarar da jama'a sai ya shimfiɗa ta, 'yan wasansa su hau. Babu labule, babu fitila, babu tikiti, ga shi ba sa jin yaren 'yan kallo. Sunansa Peter Brook, mai shirya wasan kwaikwayo.

Kada ku ɗauka rashi ne ya fito da shi. A Landan aka haife shi a 1925, kuma yana ɗan shekara 22 aka damƙa masa shirya wasanni a Covent Garden, babban gidan wasan waƙe na Landan. A 1963 ya fitar da fim ɗin Lord of the Flies, da yaran da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. A 1970 ya ɗauki wani wasan Shakespeare, ya kwashe dajin da aka saba zanawa a bayan dandamali, ya bar fararen bango uku, 'yan wasa suna lilo a sama. Sunansa ya kai ko'ina. Sai kawai ya tattara ya koma Faris.

Me yake nema? A ganinsa, in akwai fili, mutum ɗaya ya ratsa ta ciki, wani yana kallo, to wasa ya samu. Wannan ya zo gwadawa a Afirka. A garin In Salah na Aljeriya takalmi kawai aka ajiye a tsakiyar dardumar, aka shiga ƙirƙirar labari a kansa nan take. Helen Mirren, fitacciyar 'yar wasan Ingila, tana cikin tawagar. Wanda ya tashi yana kallon 'yan kama a kasuwa zai yi dariya ya ce ai mu mun daɗe da sanin wannan, kuma da gaskiyarsa.

Da ya koma Faris, ya karɓi wani tsohon gidan wasa, Bouffes du Nord, a 1974, ya ƙi yi wa bangonsa fenti. A 1985 ya shirya Mahabharata, tsohon labarin Indiya, a ramin fasa dutse kusa da garin Avignon na Faransa, wasa na awa tara. A 2004 ya kawo labarin Tierno Bokar, malamin Tijjaniyya na Bandiagara a Mali, ɗan wasa Sotigui Kouyaté ya fito a matsayin malamin.

Brook ya rasu a Faris ranar 2 ga Yuli 2022, yana da shekara 97.