Faulkner da Garmar Shanu a Arewacin Nijeriya

Shugaban taro, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Mutumin da zan yi magana a kansa yau Bature ne ɗan Ingila, O. T. Faulkner, wanda ya riƙe muƙamin Daraktan Aikin Gona na Nijeriya daga 1921 zuwa 1936. Kafin ya zo nan ya yi aikin gona a ƙasar Indiya, kuma ya iso ne a zamanin Gwamna Hugh Clifford, lokacin da aka haɗe ma'aikatun gona na Kudu da na Arewa suka zama guda.

Abin da ya bambanta shi da yawancin jami'an zamaninsa shi ne bai yarda cewa manomin ƙasar nan jahili ne ba. Ƙa'idar da ya kafa wa ma'aikatansa ita ce kada a ba manomi wata shawara sai an jarraba ta a gonar gwamnati, damina bayan damina, an tabbatar cewa za ta biya shi wahalarsa a irin ƙasarsa da irin ƙarfin aljihunsa. A kan wannan tunani aka gina tashar binciken Samaru ta kusa da Zariya, wadda aka buɗe a 1922.

Babbar tambayar da ke gabansu ita ce yadda gona za ta riƙe ƙarfinta idan ana noma ta kowace shekara ba hutu. A Arewa amsar da suka samo ita ce haɗa noma da kiwo. A 1928 aka fara shirin da manoma uku kacal, kuma a shekarar ce aka kafa gonar kiwo ta Shika, ita ma kusa da Zariya. Ana ba manomi rancen bijimai biyu da garma daga baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, ya riƙa biya bayan kaka. Ku dubi abin a gidan mutum ɗaya: bijiman suna ɗaure a turke, ana zuba musu harawa da karan dawa, kashinsu yana taruwa a ƙarƙashinsu har rani ya ƙare, sannan a kwashe takin a kai gona. Da ruwa ya sauka, huɗar da ke cin magidanci da 'ya'yansa kwanaki da garmar hannu sai shanu su gama ta cikin ɗan lokaci, gona ta ƙara faɗi. Masu shirin sun fi damuwa da takin. Manoma kuwa, a ganina, huɗar ce ta ja hankalinsu.

Sai dai kada mu manta ko aikin wa Faulkner yake yi. Gwamnatin mulkin mallaka tana son auduga ga masaƙun Ingila, tana son gyaɗar da jirgin ƙasa ke ɗauka daga Kano zuwa Legas, tana kuma son manomi ya sami kuɗin haraji. Faɗaɗa gona da garma ya dace da duk waɗannan buƙatu. Haka nan, tun da rancen ta hannun En'e yake fitowa, waɗanda suka fara cin moriyarsa yawanci hakimai ne da dagatai da masu hannu da shuni, domin talaka mai 'yar gona ba shi da filin da zai ishi bijimai biyu aiki, balle abin ciyar da su a tsakiyar rani. Ga shi kuma shirin ya faɗo daidai da karyewar farashin amfanin gona a shekarun 1930, lokacin da biyan bashi ya yi wa mutane nauyi.

Faulkner ya bar Nijeriya a 1936, J. R. Mackie, wanda suka rubuta littafi tare a kan noman Afirka ta Yamma, ya gaje shi. Daga baya Faulkner ya shugabanci kwalejin aikin gona ta tsibirin Tirinidad, inda ake horar da jami'an gona na ƙasashen da Ingila ke mulka. Tashar Samaru kuwa ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.