Darasi: Awon Fistashiyo da Sikeli da Kofi Wajen Gashin Kek

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Abin da ke cikin farantin nan shi ne fistashiyo, wanda Larabawa ke kira fustuƙ, kuma da yawanmu a tsarabar alhazai muka fara ɗanɗana shi tare da dabino. Ana noma shi sosai a Iran da jihar Kalifoniya ta Amurka da kuma yankin Gaziantep na Turkiyya, inda baƙlawarsu, wani kayan zaƙi da ake sa wa fistashiyo, ta yi suna. Kaya ne mai tsada, shi ya sa nake so mu tsaya mu san awonsa kafin mu zuba shi cikin kwaɓi.

Mu fara tun daga wurin saye. Idan mai ɓawo aka sayo, kusan rabin nauyinsa ɓawo ne, saboda haka wadda take buƙatar giram 100 na ɓararre sai ta tanadi kusan giram 200 na mai ɓawo. A kuma nemi wanda ba a sa wa gishiri ba, domin mai gishiri na ci ne da hannu, idan ya shiga kek yakan danne zaƙin.

Yanzu ku dubi sikelin nan. Na ɗora kofin awo a kansa, na danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan na cika kofin da ɓararrun ƙwayoyi ba tare da tozo ba. Kun ga ya tsaya a giram 123. Kofi ɗaya na awon Amurka, wanda ke ɗaukar kusan mililita 240, yakan ba da tsakanin giram 120 da 125, rabinsa kuwa kusan giram 60. Idan littafin girkin da oza yake awo, oza ɗaya giram 28 ce, wato ƙwaya 49 ko kusa da haka.

To amma ga inda kofi yake yaudarar mai girki. Waɗannan ƙwayoyin da na auna, idan na ɓarza su, ƙananan gutsattsarin za su cike gurbin da ke tsakanin manyan. Idan kuma na niƙa su suka zama gari, garin zai yi sako-sako ya tashi, kuma da na danna shi da bayan cokali sai ya lotsa. Fistashiyon bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma tsayinsa a cikin kofin ya sauya har sau uku, alhali sikeli giram 123 zai ci gaba da nunawa. Saboda haka ni a wurina sikeli ne alƙali. Wadda ba ta da shi sai ta auna ƙwayoyin suna ɗungum, daga baya ta niƙa, kuma ta lura da lafazin littafin, domin "kofi ɗaya, a ɓarza" daban yake da "kofi ɗaya na ɓarzajje".

Kafin niƙa, ina baza su a faranti in sa a obin mai zafin digiri 160 a ma'aunin Selshiyas na minti 6 zuwa 8, har ƙamshi ya tashi. Kada a bari su yi ja, domin wannan koren launin shi muka biya kuɗi a kansa. Mai son koren ya fito fes sai ta jiƙa su a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, ta murje 'yar fatar da tsumma mai tsabta, ta bari su bushe sarai.

Wajen niƙa akwai haɗari guda. Kusan kashi 45 cikin 100 na fistashiyo mai ne, kuma duk wadda ta taɓa niƙa gyaɗa domin ƙuli-ƙuli ta san yadda gari ke komawa kwaɓaɓɓe idan ya ji niƙa. Dabarar ita ce a bari ya huce, a zuba cokali biyu daga cikin fulawar da aka auna domin kek ɗin, sannan a riƙa kunna bilenda ana kashewa har ya yi kamar tsakin masara mai laushi.

Ga awon kek ɗinmu: bota giram 150 da sukari giram 150, a buga su har su yi fari, a saka ƙwai 3 ɗaya bayan ɗaya, sannan a juya fulawa giram 100 da garin fistashiyo giram 100 da bekin fauda cokalin shayi ɗaya a hankali. Na ajiye giram 20 na ɓarzajje a gefe, wanda zan yayyafa a saman kwaɓin. A gasa a digiri 170 na minti 35 zuwa 40, a soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe to ya gasu. A bar shi cikin gwangwanin na minti 10 kafin a juye, domin kek mai garin fistashiyo yana da laushi, kuma yakan farfashe idan aka ciro shi da zafinsa.