Ɗaga motar daji inci biyu: abin da ke canzawa a ƙarƙashinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a ƙarƙashin mota za mu yini. Ga Hilux nan tsaye a kan kankare shimfiɗaɗɗe, tankinta cike da mai, ga tef na awo a hannuna. Maganar ƙara wa mota tsayi za mu yi, irin motocin nan masu shiga rairayi da taɓo da duwatsu. Zan fi tsayawa a kan inci biyu, wato milimita 50, domin nan ne akasarin motoci ke karɓar aikin ba tare da sun yi gardama ba.

Kafin sifana ta taɓa noti, a fara da awo. Ku duba inda na ɗora tef: daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen madigadi, a miƙe. Kada a auna daga ƙasa, don iskar taya da cinyewarta za su shigo cikin lissafi su ɓata shi. A auna duk kusurwa huɗu a rubuta. Sannan a sa jak a jikin shasi, a ɗaga har taya ta bar ƙasa tana reto, a sake aunawa. Bambancin lambobin nan biyu shi ne nisan da taya za ta iya saukowa ta bi rami. A ce da mota tana ƙasa ka samu 540, da taya ta rataya ka samu 650, to kana da milimita 110 na saukowa. Wannan lambar ita ce uwar zance, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita.

Ga dalili. Motar da kowace tayar gabanta ke motsi ita kaɗai a kan hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, irin su Hilux ta yanzu da Prado da Ranger da Tacoma, nisan motsin tayarta a ƙayyade yake. Hannuwan da bol-join (mahaɗar da ke haɗa hannu da kan taya) da shaf (sandar da ke kai juyi zuwa taya) su suka yanke shi tun daga kamfani. In ka ɗaga mota milimita 50, ba ka ƙara mata motsi ba, wurin zamanta kawai ka matsar. Abin da ka samu a sama, daga ƙasa ka ciro shi: 110 ɗin nan ta koma 60. Ƙasa da 60 kuwa ba na so ko kaɗan. Motar da ba ta da saukowa, duk ramin da ta faɗa za ka ji ƙwas, shokazoba ya miƙe ya kai ƙarshe, taya ta rabu da ƙasa. Tayar da ke sama ba ta ja, ba ta birki, ba ta juya mota. Shi ya sa za ka ga wata an ɗaga ta inci uku ko huɗu, a ido abin sha'awa, amma a hanya mai gargada sai tsalle take kamar ɗan akuya.

Abu na biyu da nake so ya zauna muku: bari in sauko da kyamara. Kun ga wannan tukunyar da ke tsakiyar aksil na baya, inda giyar difaranshal take? Ita ce ta fi komai kusa da ƙasa, kuma ko ka ɗaga mota inci goma ba za ta motsa ba, don tana ƙarƙashin sifirin ne, tana tafiya tare da tayoyi. Taya kaɗai ke ɗaga ta. Taya 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne. In ka koma 285/70R17, kusan 831 ce. Bambanci milimita 55, rabinsa ne ke ƙarƙashin aksil, wato kusan 27. To amfanin ɗagawar mene ne? Tana nisanta cikin mota da bamba daga ƙasa, ta rage dukan ciki a kan tudu, ta kuma buɗa wa babbar taya wuri. Ku lura, da wannan tayar agogon gudu zai riƙa yi muku ƙarya da kusan kashi bakwai cikin ɗari: yana nuna 100, kuna kusan 107. Mota za ta ɗan yi nauyin tashi, birki ma ya ƙara wahala.

Hanyoyin ɗagawa uku ne. Akwai ɗaga bodi kaɗai, a cusa toshe tsakanin bodi da shasi. Wannan ba ya ƙara komai a ƙarƙashi sai wurin taya, kuma yana jawo gyaran sandar sitiyari da tiyon zuba mai da murfin fankar inji. Ba zan daɗe a kansa ba. Akwai sifesa, zoben ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a kan shokazoban gaba. Akwai kuma canza sifirin da shokazoba gaba ɗaya, wanda shi ne aikin da na yarda da shi.

Sifesa tana da tarko biyu. Na farko, shokazoban gaba ba a bakin taya yake zaune ba, a tsakiyar hannun ƙasa yake, don haka abin da ka ƙara a kansa yana kusan ninkuwa a taya. Sifesa mai kauri milimita 25 za ta ba ka kusan 45 zuwa 50. Wanda ya sayo mai kauri 50 yana zaton inci biyu zai samu, ya ɗebo ruwan dafa kansa. Na biyu, sifesa tana tura shokazoba gaba ɗayansa ƙasa, sai hannuwa su sauko fiye da yadda aka ƙera su: bol-join na sama ya maƙure, hannun sama ya riƙa dukan sifirin. A ɗaya ɓangaren kuma, in mota ta daki tudu da ƙarfi, shokazoba na iya kaiwa ƙarshensa kafin robar tsayawa ta karɓi dukan, nan ne yake lanƙwashewa ko ya fara zubar da mai.

In za ka sayi sifirin, kada ka fara da tambayar tsayi, fara da nauyi. Me ke zaune a kan motar nan kullum? Bambar ƙarfe da winci a gaba, durowa da firji da batir na biyu a baya, duk a lissafa. Masu ƙera sifirin suna raba shi bisa nauyin da ke kai dindindin, misali na kilo 0 zuwa 300, da na 300 zuwa sama. Ka sa mai ƙarfi a motar da ke yawo babu kaya, bayanta zai tashi sama ya ƙage, ƙodarka ta gaya maka. Ka sa mai laushi a ƙarƙashin winci, cikin 'yan watanni gaba ya durƙusa. Shokazoba kuma tsawonsa ya dace da sifirin: gajere ya cinye saukowa, dogo fiye da kima ya bar sifirin mai murɗi ya fice daga mazauninsa, ko ya ja tiyon birki.

Mu zo ga aikin. A tokare tayoyin baya, a sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, a ɗaga, a zaunar da shasi a kan ƙafafun tokara na ƙarfe. Don Allah 'yan'uwa, kada wanda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kwance sandar sitabilaiza ta ɓangarorin biyu, a saki maƙalan wayar ABS da na tiyon birki, a raba bol-join na sama. Da zarar ya rabu, kan taya zai so ya faɗo waje, to a ɗaure shi da waya ko igiya, in ba haka ba zai zare shaf daga mahaɗarsa ta ciki, aikin awa biyu ya koma na yini. Sai notoci ukun saman shokazoba da babban bol na ƙasa. Noti na tsakiya a saman shokazoba, wannan da nake nunawa da yatsa, kada a taɓa shi sai an matse sifirin da matsewa mai kyau. Sifirin gaban irin wannan motar yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo, in ya kuɓuce kashi yake karyawa. Wanda ba shi da matsewar da ke kafe a bango, ya kai wa masu ita su haɗa masa, ko ya sayo haɗaɗɗe.

Ga kuskuren da ke kashe bushin, wato robar da bol ke ratsawa a mahaɗa, sabo fil cikin watanni: ɗaure bol tun taya tana reto. Bushin roba ba juyawa yake ba, murɗewa yake. In ka ɗaure shi a rataye, da ka sauke mota ya riga ya murɗe, haka zai zauna dare da rana har ya yage. Duk bol ɗin da ya ratsa bushin roba, a ɗaura shi sama-sama, a sauke mota, a jijjiga ta, a tura ta gaba da baya kaɗan, sannan a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da ke littafin motar.

Yanzu ku kalli shaf ɗin gaba. A da kusan a kwance yake, yanzu ya sunkuyo daga difaranshal zuwa taya. Ku duba robar nan mai ninki-ninki da ke rufe mahaɗar shaf: in ninkin suna goga juna mota tana tsaye, kusurwar ta yi yawa. Robar za ta tsage, giris ya fice, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. A milimita 50 yawanci ana tsira. Sama da haka ana sauko da difaranshal na gaba kamar milimita 25 don a rage kusurwar, amma ka ga ka mayar da wani abu daga tsayin da ka saya. Hannun sama ma a duba shi taya tana reto. In ya kusa taɓa sifirin, ko mai alaimen, wato mai saita tayoyi, ya kasa dawo da kasta, a sa hannun da aka ƙera don motar da aka ɗaga.

Kasta ita ce karkatar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. In ta ragu, mota ta riƙa yawo a titi, kana ta gyara hannu. Wannan ya fi damun masu aksil guda a gaba, irin su Land Cruiser 79 da 80 da Patrol Y61 da Jimny, don ɗagawa tana juya aksil ɗin gaba ɗaya. A inci biyu, bushin gyaran kasta na digiri 2 yakan wadatar. Su kuma suna da sandar Panhard, wadda ke riƙe aksil kada ya tafi gefe. Da ka ɗaga, sandar ta karkata ta ja aksil ɓangare ɗaya, taya ɗaya ta leƙo waje fiye da 'yar'uwarta. Maganinsa sanda mai daidaituwa. Ƙarancin kasta in ya haɗu da bushin Panhard da ya mutu, shi ke kawo girgizar nan mai ban tsoro, sitiyari ya riƙa kaɗawa da ƙarfi bayan an taka rami, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai.

Baya ya fi sauƙi. Sifirin falle-falle a canza ɗaya bayan ɗaya, a tabbata kan fil na tsakiya ya faɗa raminsa a kan aksil. Bol masu siffar U sababbi za a sa, tsofaffin sun riga sun miƙe. A rataye aksil a taɓa tiyon birki: in ya miƙe kamar tsirkiya, a sa dogo, a fitar da iska daga birki. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da bawul a baya mai auna nauyin kaya yana raba ƙarfin birki, da 'yar sanda da ta haɗa shi da aksil. In ka ɗaga ba ka ɗaga maƙalin sandar daidai gwargwado ba, bawul zai ɗauka mota babu kaya, ya rage wa tayoyin baya birki. In kuma ka ji karkarwa a ƙarƙashin kujera lokacin tashi daga tsaye, kusurwar furofela ce, sandar da ke kai juyi zuwa aksil na baya. A sauko da berin tsakiya da 'yar sifesa, ko a sa weji a ƙarƙashin sifirin.

Da an gama, alaimen a ranar. A sauko da fitilun gaba kada a makantar da masu tahowa. Mota mai kyamara ko rada a gaba a kai a sake saita su. A nemi dokar ƙasar da ake zaune da sharaɗin inshora tun kafin sayen kaya. A Jamus misali, irin wannan canjin yana bukatar takardar amincewa ko dubawar masu gwajin mota. Tuƙi ma ya canza: nauyin mota ya hau sama, ta fi kwanciya a kwana, don haka kaya masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyi, rufi a bar wa marasa nauyi. Bayan kilomita 500 a koma ƙarƙashi a sake ɗaure bol masu siffar U da notocin taya, a ɗauko tef a sake auna kusurwa huɗun nan. Sabon sifirin yakan zauna da 'yan milimitoci, wani har goma; in ɓangare ɗaya ya sauka fiye da ɗaya sosai, a duba ko an musanya sifirin dama da na hagu, don a motoci da yawa na ɓangaren direba ko na tanki ya fi tsawo.