Hirar Bakin Shago: Farin hayaƙin injin bakyum

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sabo, mai gyaran firji da AC, da Hajiya Binta da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Zancenmu a kan injin bakyum ne, wanda ake zuƙe iska da shi daga bututun firji kafin a ɗura gas. Malam, farin hayaƙin nan da yake fesowa in an kunna shi, wani abu ne ke ƙonewa a ciki?

Malam Sabo: Ko kusa, Aminu. Mai ne tsagwaronsa. A cikin injin akwai fukafukai da ke juyawa cikin mai, man ne ke toshe 'yan kafofi don kada iska ta koma baya. Iskar da aka zuƙo kuwa ta cikin man take bi ta fita, sai ta tarwatsa shi ta yi waje da shi.

Hajiya Binta: Kuma ƙanƙantar ɗigon ita ce matsalar. Da yawansu ba su kai maikiron 1 ba, alhali kaurin gashin mutum ya kai wajen 70. Ba sa faɗuwa ƙasa da wuri, yawo suke yi a ɗaki har a shaƙe su, su wuce can cikin huhu. Hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, ta sa iyaka: miligiram 5 na mai a kowace mita kubik ta iska, a aikin awa 8.

Aminu: To mai shago ina zai ga abin awo, Hajiya?

Hajiya Binta: Ba sai ya auna ba. Ya shafa yatsa a kan teburin da ke kusa da injin. In ya ji maiƙo, ƙura ta manne ta yi baƙi, to abin da ya sauka a teburin shi yaran shagon suke shaƙa. Wannan ne ke damuna, Malam, don yara ake bari a tsugune gaban injin suna kallon geji.

Malam Sabo: Gaskiyarki, Hajiya. Amma bari in ƙara wani abu da nake koya wa yarana. Hayaƙin yana da lokaci. Farkon kunnawa yake yawa, saboda iska na da yawa. Da bakyum ya fara kamawa sai ƙarar injin ta canza, hayaƙin ya ɗauke. In an daɗe yana ta tuƙuƙi, to akwai yoyo, ko a tiyo, ko a wurin da aka yi walda. Haka za ka wuni gejin bakyum bai sauka maikiron 500 da ake nema ba, a nan maikiron ma'aunin matsin iskar da ta rage ne, mai kuma yana ta raguwa a gilashin gefe. Sai dai in ka buɗe bawul ɗin balas, wanda Bajamushen nan Wolfgang Gaede ya ƙirƙiro a 1935 don korar danshi daga cikin mai. Shi ma yana ƙara hayaƙi, amma wannan da saninka ne.

Aminu: Sai a ɗaura filta a bakin injin a huta ke nan?

Hajiya Binta: Da sauran aiki. Filtar tana da kyau ƙwarai. Zaren gilashi ne a cikinta, ƙananan ɗigon su maƙale, su haɗu su yi nauyi, su gangaro ƙasa. Wata ma tana mayar da man cikin injin. Amma mai kawai take kamawa. Duk gas ko tururin sinadarin da injin ya zuƙo wucewa yake yi salin alin. Mai gawayi a ciki tana rage wari, ita ma tana cika. Shi ya sa a wurinmu, ko da filta, sai mun ja bututu zuwa waje.

Malam Sabo: Mu ma ya zama dole yanzu. Sababbin firji da yawa gas ɗin R600a suke amfani da shi, shi kuwa yana kama wuta. Ragowarsa ta bakin injin za ta fito, ga wani yana walda a gefe. Allah Ya kiyaye.

Aminu: Amin. Bututun fa, kowane iri?

Malam Sabo: A'a. Kada ya fi bakin injin ƙanƙanta, kada a lanƙwasa shi ya shaƙe. Na ga wanda ya cusa tsumma a bakin don hayaƙin ya dame shi, sil ɗin, wato robar da ke tare mai, ya fashe, mai ya malale ƙasa. Filtar da ta toshe ma haka take yi, don haka in ta jiƙe sharkaf hayaƙi ya fara ratsa ta, a canza.

Hajiya Binta: Sannan bututun ya gangara nesa da injin. In dole sai ya hau sama, a sa ɗan gwangwanin tara ruwa a gindinsa, in ba haka ba ruwan da ya taru ciki zai koma cikin mai, ka ga man ya yi fari kamar madara. Bakinsa kuma kada ya kalli tagar maƙwabci.

Aminu: Malam, wasu na zuba baƙin mai na mota in nasu ya ƙare.

Malam Sabo: Su daina. Yana da sinadaran da aka ƙara masa don injin mota, yana saurin yin tururi, bakyum ba zai sauka yadda ake so ba. A sayi man bakyum na ainihi, a juye tsohon tun injin yana da ɗumi, ya fi fita tas.

Aminu: Malam Sabo, Hajiya Binta, mun gode. Mako mai zuwa za mu shiga batun gano yoyo da gas ɗin naitirojin. Sai an jima.