Madubin Saiti a Kan Bindigar .22: Laccar da Aka Yi wa Masu Wasan Harbi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Bindigar nan da ke kan tebur babu harsashi a cikinta, ga sakatarta na zare, kowa ya gani. Kuma da masu lasisi nake magana, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta san wani "ai ƙarama ce" ba.

Abu huɗu zan taɓa: irin madubin, ƙarfin jawowarsa, zobban da ke riƙe shi, sai ɗaurawa da saiti.

Amma ku fara sanin abin da kuke harbawa. Harsashin .22 LR tsoho ne, kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. Abin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanso, shi ya sa allura take dukan gefe, ba tsakiya ba. Nauyin kan harsashin giram 2.6 ne, gudunsa wajen mita 330 a daƙiƙa, shurinsa kuwa ba ya ko motsa kafaɗa. Aikinsa na kusa ne, mita 25 zuwa 50. Ku riƙe wannan, na kusa ne.

To na farko, irin madubin. Nan ne ake asarar kuɗi. Mutum ya ga madubin babbar bindiga, dogo, mai sheƙi, ya saya ya ɗora, sannan ya zo yana cewa bindigarsa tana watsa harsashi. Wani ya zagi harsashin, wani ya zagi iska, wani ma ya ce hannu aka sa masa. (dariya) Babu wanda ya sa maka hannu, Alhaji, faralas ne.

Kowa ya miƙa hannu, ya ɗaga babban yatsa, ya rufe agogon bangon can da shi. Har kai mai jar hula. Yanzu ku rufe idon hagu. Ku buɗe, ku rufe na dama. Yatsan ya yi tsalle ko? Ya motsa ne? Bai motsa ba. Agogon ya motsa? Bai motsa ba. Wurin da ido yake kallo daga shi ne ya canja, kuma yatsa da agogo ba a nisa ɗaya suke ba. Abin da ke faruwa cikin madubi ke nan, shi ake kira faralas. Hoton abin da ka auna yana sauka a wani wuri cikin bututun, gicciyen saiti yana wani wurin. In sun haɗu daidai, ka kaɗa kai yadda ka so, gicciyen yana manne da abin da ka auna. In ba su haɗu ba, kumatunka su goce kaɗan, gicciye ya goce, kai kuma ba ka sani ba.

Madubin babbar bindiga yawanci tun daga masana'anta an daidaita faralas ɗinsa a yadi 100. Na .22 a yadi 50 ake sa shi, kamfanin madubi na Leupold su kan sa nasu a 60. Ku ɗauki biro. Madubi mai gilashin gaba milimita 40, wanda aka daidaita a yadi 100, in ka yi harbi da shi a yadi 50, kuskuren zai iya kai milimita 10. A yadi 25, milimita 15. Wani zai ce mene ne milimita 10? Da'irar maki goma a takardar gasar mita 50 ta Olamfik, faɗinta milimita 10.4 ne duka-duka. Su can ma ba a yarda su sa madubi ba, ta 'yar huda suke leƙe, amma ina so ku ga girman abin. Milimita 10 ta fitar da kai daga goma, alhali hannunka bai yi rawa ba, numfashinka daidai, ka ja kunama a hankali.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka kwantar da bindiga a kan buhun yashi, ka auna, ka ɗauke hannu. Kar ka taɓa ta. Ka leƙa, ka kaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama. In gicciye yana yawo a kan takarda, akwai matsala. Ka ɗauke hannu, na ce, don kullum sai an sami mai riƙewa.

Maganin? Ko ka sayi wanda aka yi don .22, ko mai zoben juyawa a gaba, ko mai maɓalli a gefen hagu. Ni dai mai juyawar nake so, kuma wanda ke sauka har yadi 10. Za ka ga an rubuta 10, 25, 50, 100. Kar ka ba wa lambobin nan amana. Ka juya, ka kaɗa kai, ka ƙara juyawa, har gicciye ya tsaya cik. Ko lamba ta ce 40 kana 50, idonka ne alƙali. Kuma kar ku haɗa shi da zoben baya na wajen ido, wannan na fito da gicciyen ne kawai. Ka kalli farin bango, ka juya har zaren ya fito baƙi wuluk, ka bar shi haka.

Subhanallah, lokaci. To na biyu... ƙarfin jawowa. Ninki 4 ya isa, mai canzawa daga 2 zuwa 7 ko daga 3 zuwa 9 ya wadatar. Ninki 24 sai mai harbi daga kan tebur, a tsaye bugun zuciyarka kawai za ka riƙa kallo.

Na uku, zobba. Tsagin da ke bayan bindiga iri biyu ne: milimita 11 na Turai, irin na bindigogin CZ da Anschütz, da inci 3/8 na Amurka, wato milimita 9.5, irin na Marlin 60. A ido kamar ɗaya, amma in ka cuɗanya su zobe zai zauna a karkace ko ya riƙa zamewa. Bututun madubi ma akwai inci 1, akwai milimita 30. Ka zaɓi zobe mafi gajarta da ba zai bar gilashin gaba ya taɓa bindiga ba, don kumatunka su zauna wuri ɗaya kullum. Kun ga mun koma faralas. Mai Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, ya yi hattara, jikinta alminiyam ne, ƙarfin tuwo kaɗan ka cinye zaren noti.

Ɗaurawa: kar ka matse tukuna. Rufe ido, ɗaga bindiga zuwa kafaɗa yadda ka saba, buɗe ido, ka ja madubin gaba ko baya har hoton ya cika ba baƙin da'ira. Rataya igiya mai dutse a nesa, ka daidaita zaren tsaye da ita. Sannan ka matse notina bi da bi, kaɗan-kaɗan, ka riƙe makullin ta gajeren hannunsa. Saiti kuma, in an rubuta 1/4 MOA a maɓallin saiti, ƙas ɗaya rubu'in inci ne a yadi 100, a yadi 50 sai ƙas 8 kafin inci 1. In ka saita a 50 ka koma 100, harsashi zai faɗi kusan taki guda, santimita 15 zuwa 20...

Na'am, ɗan'uwa?

(Mai tambaya: Malam, ni bindigar iska gare ni, mai karyawa. Wannan madubin zai yi?)

Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka saya. Kar ka ɗora! Mutane suna ganin tunda ba albarushi ai ta fi sauƙi. Ba haka ba ne. Mai karyawar nan sifirin ne a cikinta yake tura fistin. Ya saki, bindiga ta yi baya, fistin ya kai ƙarshe ya doka, ta fizgo gaba. Shuri biyu a harbi ɗaya. Madubin da aka gina don shurin baya kaɗai, gilasansa sai su kwance, har na babbar bindiga tana iya kashewa. Ka nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na bindigar sifirin ne, da mazauni guda ɗaya mai ɗan ƙusa da ke shiga ramin bayan bindigar, in ba haka ba madubin zai riƙa ja da baya a tsagi. In mai tankin iska ce, wadda ake yi wa famfo, ba ta da wannan matsalar. Kuma ita ma lasisi take so, tana cikin dokar nan. Taka tana da ramin a baya? Ba ka duba ba? To in an tashi ka same ni, in zana maka inda yake.